Yadda Ake Ɗinka 'Yar Tsanar Hannu Daga Ragowar Ƙyalle

Duk gidan da ake kai ɗinki wajen tela ba ya rasa wata leda ko tsohuwar kwalla da aka cusa ragowar yadi a ciki, irin wanda ya yi kaɗan a fitar da ɗankwali, kuma ana jin nauyin zubar da shi saboda da kuɗi aka sayo. Da irin wannan ƙyallen ake ɗinka 'yar tsanar hannu, wato wadda ake zura hannu a cikinta, yatsu su motsa kanta da hannayenta, mai riƙe da ita kuma ya ara mata murya daga bayan labule. Ta bambanta da 'yar tsanar da muka taso da ita, ta kara ko ta ƙashi, wadda yarinya take goyawa, ta ɗaura mata zani, har a haɗu da ƙawaye a yi mata biki da 'yan kayan ɗaki na gwangwani. Ita ta hannu don ba da labari aka yi ta, shi ya sa ta fi dacewa da tatsuniyar dare, kuma shi ya sa zan ɗauki Gizo da Ƙoƙi da Kura a matsayin misali, tunda da su ukun ana iya kawo tatsuniyoyi masu yawa ba tare da an ƙara kowa ba.

Wasan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Damagaram da Barno an san masu dabo waɗanda suke shigewa cikin babbar riga da aka tokare da sanda, su riƙa fito da 'yan tsana ta wuyan rigar suna sa su magana da faɗa, jama'a na kewaye suna dariya. Ta fuskar addini kuma, iyayen da suke ɗari-ɗari da abin da ya yi kama da mutum-mutumi za su iya tunawa da cewa ya tabbata a Bukhari da Muslim Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, sallallahu alaihi wasallam, sannan Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ruwaito cewa sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, idan yaro ya yi kukan abinci a miƙa masa ya shagala har lokacin buɗa-baki. Wasu malamai sun fi son kada a fitar da kamannin fuska sosai, kuma wanda ya ɗauki wannan ra'ayi zai iya barin fuskar babu ido babu baki, aikin ba zai lalace ba, domin kamar yadda za a gani, ran 'yar tsanar hannu a wuyanta yake.

Kayan aiki

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: allura biyu, ɗaya siririya ta ɗinki ɗaya mai faɗin kafa wadda ulu zai shiga, da zare baƙi da fari da ja, da almakashi mai kaifi, da alli ko ɓarin sabulun da ya sirance don yin zane a jikin yadi, da kwali mai ɗan kauri irin na sabulu ko na sukari, da tsohuwar safa, da abin cusawa, sai kuma ƙyallen kansa.

A kan ƙyalle ne ya kamata a tsaya a yi zaɓe. Atamfar auduga da aka wanke ta yi laushi ita ce ta fi komai daɗin aiki, domin allura tana ratsa ta cikin sauƙi, bakinta ba ya saurin warwarewa, kuma tana bin motsin hannu. Shadda mai sitati tana tsayawa ƙiƙam kamar kwali, sai an wanke ta sau biyu ko uku kafin ta yarda, leshi kuma ramukansa suna nuna fatar hannun da ke ciki, sai dai a yi ado da shi a kan wani yadin. Yadi mai santsi irin na shafi yana zamewa a hannun mai koyo, gara a bar shi sai hannu ya faɗa. Wanda ba shi da ragowa a gida, lokacin da ya fi dacewa ya roƙi tela shi ne satin da ya biyo bayan Sallah, sa'ad da shago ya cika da tarkacen ɗinkin azumi kuma hankalin telan ya kwanta. A goman ƙarshe na watan Ramadan kuwa, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Kowane ƙyalle aka samo, a jiƙa shi a ruwan sabulu tukuna a ga ko yana zuba. Na taɓa ɗinka wa Ƙoƙi jar riga da farar fuska ba tare da na yi wannan gwajin ba, wankin farko fuskar ta koma ruwan hoda, yara suka ce ta sha lalle, kuma har ta tsufa ba ta koma fara ba. Haka nan yadin da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, yana da kyau ƙwarai a jikin Gizo, amma idan sabo ne yana barin shuɗi a hannun mai gumi, don haka a ɗauraye shi har sai ruwan ya fita garau.

Abin cusawa a kai iri uku ne. Audugar gona, wadda ba ta wuya a yankunan Funtuwa da Gusau bayan kaka, tana ba da kai mai ƙwari, amma lallai a cire anguryar da ke ciki, saboda ita ce take jawo ɓera. Audugar rimi ta fi sauƙin nauyi, hannu ba ya gajiya da ita, sai dai tana kama wuta nan take, ba a kusantar da ita ga kyandir ko aci-balbal. Soson tsohuwar katifa da aka yayyanka ƙanana shi ne ya fi jure wanki, kuma shi nake zaɓa wa 'yar tsanar da za ta shiga hannun ƙaramin yaro, tunda ita ba ta kwana uku ba ta faɗa cikin koko ba.

Awo daga hannun mai riƙewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da zana kyakkyawar riga a takarda, sannan daga baya a nemi hannun da zai shige ta. Daga hannu ake farawa. Riƙon da aka fi yi shi ne yatsa manuni ya shiga kai, babban yatsa ya shiga hannu ɗaya, yatsan tsakiya ya shiga ɗaya hannun, sauran yatsu biyu a naɗe su a tafi. Saboda haka a shimfiɗa takarda, wanda zai riƙe 'yar tsanar ya ɗora hannunsa a kai a wannan yanayi, manuni a miƙe, babban yatsa da na tsakiya a buɗe gwargwadon yadda ba za su yi ciwo ba, sai a zagaye hannun da fensir ana barin tazarar santimita 2 ko'ina, a gangaro har a wuce wuyan hannu da kimanin santimita 8, domin kada fatar mai wasa ta leƙo a lokacin da aka ɗaga 'yar tsanar sama.

Zanen da zai fito ba zai daidaita ba, saboda babban yatsa yana ƙasa da na tsakiya. Ana gyara wannan ta hanyar ninke takardar biyu a tsaye, daidai tsakiyar manuni, a ɗaga ta ga haske, a zana sabon hannu a tsakanin inda hannayen biyu suka faɗa, sannan a yanka a ninke, ta yadda dama da hagu za su zama ɗaya kuma 'yar tsanar ta shiga kowane hannu. Ga babban mutum, jikin yakan kai tsawon santimita 26 zuwa 28 da faɗin 18 zuwa 20 a ƙasa. Ga yaro ɗan shekara 7, tsawon 20 da faɗin 15 ya wadatar. Waɗannan lambobi na kwatance ne kawai, hannun da aka zana shi ne alƙali. Hannayen rigar su kasance gajeru, kada su wuce kan yatsa da fiye da santimita 1, domin hannun da ya yi tsawo yana lilo kamar karyayye, ba ya iya ɗaukar komai, alhali rabin dariyar da ake yi wa Gizo tana zuwa ne daga yadda yake wawurar abinci ya rungume a ƙirji.

Sai a ninke yadi biyu, fuskarsa mai kyau tana ciki, a ɗora takardar a kai, a zagaye da alli, a yanka ana barin santimita 1 a wajen layin allin. Wannan santimita ɗin shi ne gurbin ɗinki, kuma wanda ya manta da shi zai ga rigar ta matse hannu bayan ya gama wahala.

Ɗinkin jiki

Zaren da za a sa a allura kada ya wuce kamu ɗaya bayan an ninka shi, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Mai koyo yakan ja dogon zare don gudun sake zurawa, sai ya ɓata lokacin da ya fi haka wajen warware sarƙa. Idan aka goga zaren a jikin kyandir ko busasshen sabulu sau biyu, yana rage murɗewa. A fara da dogayen taku na wucin gadi da farin zare don riƙe yadin biyu kada su goce, waɗanda za a zare a ƙarshe, sannan a bi layin alli da ɗinki na gaskiya.

Ɗinkin da ya dace da wannan aiki shi ne mai komawa baya, wanda idan aka duba shi ta sama sai a ɗauka keke ne ya yi. Ana fito da allura daga ƙasa a gaban inda ɗinki ya tsaya da kimanin milimita 3, a mayar da ita baya a soka a ramin ƙarshe, ta sake fitowa a gaba da milimita 3, haka har a kai ƙarshe. Yana cin zare da lokaci fiye da ɗinkin da ake yi a miƙe, soka-fito soka-fito, amma shi ne yake jure buɗewa da rufewar yatsu. A fara daga ƙasan gefe ɗaya, a hau zuwa hammata, a zagaye hannu, a tsaya a gefen wuya. A yi haka a ɗaya gefen. A bar wuya da ƙasa a buɗe. A hammata a maimaita taku uku ko huɗu a wuri ɗaya, domin nan ne wurin da yake fara yagewa. Kafin a juya rigar, a ɗan tsattsaga gurbin ɗinki da bakin almakashi a hammata da kuma inda hannu ya lanƙwasa, ana tsayawa kafin a taɓa zare, in ba haka ba wurin zai tattare bayan an juya. A tura hannayen waje da gindin fensir, a kalmashe ƙasan rigar sau biyu a ɗinke, a bi da dutsen guga. Wanda yake da keken ɗinki zai gama wannan sashe cikin minti 10, mai aikin hannu kuma ya ware masa yammaci guda.

Wuya da kai

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ba a gaggawa. A yanko kwali mai tsawon santimita 5 da faɗin da zai zagaye manuni sau biyu, a naɗe shi a jikin yatsan, a ɗaure da zare ko a manne da gam, ya zama ɗan bututu. Ma'aunin da ake nema shi ne yatsa ya shiga ya tsaya daidai gaɓa ta biyu, ba ya wucewa. Idan bututun ya haɗiye yatsan gaba ɗaya, gaɓar ba za ta lanƙwasa ba, 'yar tsanar ta zama mai sanƙarau, ba ta iya sunkuyar da kai ta gai da Sarki, ba ta iya gyaɗa kai, ba ta iya leƙa tukunya. Idan kuma ya yi faɗi, kai zai riƙa juyawa yadda ya ga dama, ana magana da Ƙoƙi fuska tana kallon bango. Gizon da na fara ɗinkawa a kan yatsana na auna wuyansa, alhali ɗiyar ƙanwata ce za ta riƙe shi, sai ga shi a tsakiyar tatsuniya kan ya zame ya rataya a baya, ta fashe da kuka, sauran yara suka fashe da dariya. Maganin da na samu shi ne na liƙa siririn soso a cikin bututun, wanda yake kama ƙaramin yatsa kuma yake buɗe wa babba, kuma tun daga ranar ban sake ɗinka wuya babu shi ba.

Kai kuma hanya biyu ce. Mafi sauƙi ita ce a yanko ƙafar tsohuwar safa, kimanin santimita 12 daga wajen yatsu, a cusa auduga har ta dunƙule kamar matsakaicin lemon zaƙi. Safa tana miƙewa, saboda haka fuskar tana fitowa sumul. Ɗaya hanyar ita ce a kifa faranti mai faɗin santimita 22 zuwa 24 a kan yadi marar zane, a yanke da'ira, a bi bakinta da dogayen taku, a ja zaren ta tattaru kamar jaka, a cusa, sannan a tura tattarar zuwa ƙeya inda hula ko ɗankwali zai rufe ta. Ko wace hanya aka bi, a riƙa cusawa kaɗan-kaɗan ana yagar audugar, domin idan aka danna ta dunƙule guda kan zai yi ƙulu-ƙulu. Bayan nan a huda rami a tsakiyar audugar da yatsa, a zura bututun har ya rage santimita 1 a waje, a tattare bakin safar a jikinsa, a naɗa zare mai ƙwari sau shida ko bakwai, a ƙulle. Kan da ya wuce girman lemo yana da kyan gani a ajiye, amma yana gajiyar da yatsa cikin minti 5, gara a yi shi ƙarami.

Sai a zura wuyan a cikin wuyan riga, a kalmashe bakin rigar ciki, a zagaye da ƙananan taku sau biyu, allura tana kama riga da safa tare. Kafin a ƙulle zare a zura hannu a gwada: a sunkuyar da kai, a ɗaga, a tafa hannu, a ɗauki cokali. Abin da bai yi daidai ba a warware shi yanzu, tun ba a yi fuska ba.

Fuska da sutura

Ido da zare ake yin sa idan akwai yaro ƙasa da shekara 3 a gidan, domin maɓalli da dutsen ado suna cirewa, kuma duk abin da ya cire baki yake nufa. Ana cike ɗan da'irar ido da baƙin zare, taku kusa da taku kamar yadda masu ɗinkin hula suke cike fure, sannan a ɗiga farin taku ɗaya a gefen sama, wanda shi ne yake sa ido ya yi kamar yana kallo. Wurin ido shi ne tsakiyar kai ko ƙasa da haka kaɗan. Mai koyo yakan kai shi goshi, sai fuskar ta yi tsawo ta tsufa. Yana da kyau a yanko ƙananan baƙaƙen takardu a ɗora a fuska ana matsar da su, a ja baya a duba daga taku uku, tunda daga nesa 'yan kallo za su gani. Baki kuma a yi shi ɗan gajeren layi da jan zare, kusan a miƙe. A ganina babban murmushi yana kashe 'yar tsana, saboda a tatsuniya ɗaya Gizo zai yi murna, ya yi ƙarya, ya sha duka, ya yi kuka, kuma fuskar da ba ta nuna komai sosai ita ce take iya ɗaukar duk waɗannan idan aka karkata kai yadda ya dace. Don ɓoye ƙulli, a soka allura daga ƙeya ta fito a fuska, idan an gama a mayar da ita ƙeya a ƙulle a can.

Gizo yana buƙatar ƙafafu takwas kafin yara su yarda da shi, kuma za su ƙirga. Hannaye biyu na riga suna cikin lissafi, sauran shida a kitsa su da baƙin ulu, kowace tsawon santimita 10, a ɗinka uku a kowane gefe a ƙasan hammata, su riƙa rawa da kansu idan ya motsa. A yi masa 'yar hula da guntun tsohuwar hular maigida wadda ta ƙoshi da wanki, a ɗan karkata ta gefe ɗaya. Ƙoƙi, wadda sunanta na ƙwaron nan ne ƙoƙi-ƙoƙi, koriyar atamfa tana yi mata kyau, da ɗankwali da aka ɗaura da gaske sannan aka kama shi da taku huɗu don kada ya faɗi. Mai son kitso sai ta jera ulu a tsakiyar kai ta ɗinke shi a layin tsaga, ta kitsa gefe da gefe. Idan an so ƙara Sarki, jiki ɗaya ne da na Gizo, bambancin kawai farin ƙyalle da za a naɗa masa rawani da guntun shadda da za a yafa masa a kafaɗa.

Kura daban take, domin ita bakinta ne yake aiki. Doguwar safa ruwan ƙasa ake zurawa a hannu, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa. A tsaga wajen yatsun safar a kwance, a yanko abu mai siffar ƙwai, tsawon santimita 12 da faɗin 7, a ninke shi biyu, a lulluɓe da jan ƙyalle, a ɗinka shi a cikin tsagar ya zama dasashi. Kwali yana yi, amma yana narkewa a wanki, don haka robar tsohuwar jarka mai laushi ta fi, muddin an goge bakinta ya daina kaifi. A raba ta gida biyu, jan ƙyallen ya haɗe su a tsakiya. A ƙara haƙora da farin ƙyalle mai kauri, da kunnuwa zagayayyu, da ɗigo-ɗigon baƙi a wuya da baya. A cusa ɗan soso a saman yatsu don goshi ya taso, in ba haka ba za ta fi kama da maciji.

Daren wasa

Dandali ba ya buƙatar kafinta. Zani da aka rataya a igiyar shanya a tsakar gida ya isa, ko tebur da aka kwantar a gefensa, ko labulen ƙofar ɗaki da aka ɗaure a rabi. Mai wasa ya zauna a kan tabarma a baya, 'yan kallo a gaba, a ajiye fitila ko tocila a gefen 'yan kallo tana haska fuskokin 'yan tsana, domin idan haske ya fito daga baya inuwar mai wasa ce za ta bayyana a jikin zanin. Daren da aka ɗauke wuta, wayoyi suka mutu, shi ne ya fi kowane dare samun 'yan kallo. A buɗe yadda aka saba, a ce ga ta nan ga ta nanku, a jira su amsa ta zo mu ji ta, kafin kan Gizo ya leƙo.

Ƙa'idar motsi kaɗan ce amma tana da wuyar kiyayewa. Wanda yake magana shi kaɗai yake motsi, ɗayan ya tsaya cik yana kallonsa, domin ta haka ne yaro yake gane mai magana. A tsayar da gwiwar hannu wuri ɗaya don kada 'yar tsanar ta riƙa nutsewa a hankali yayin da hannu ya gaji. Shigowa da fita a yi su daga gefe ana ɗan ɗagawa da saukewa kamar mai tafiya. Gizo an san shi da tsamin baki, yana cewa yuwa maimakon ruwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba muryarsa da ta Ƙoƙi. Kura kuwa a yi mata murya daga maƙogwaro, a buɗe bakinta a kan kowace gaɓar magana ta hanyar saukar da babban yatsa, ba ɗaga yatsun sama ba, don kada idonta ya riƙa kallon taurari. Tatsuniyar minti 10 ta wadatar, a rufe da ƙurunƙus, sannan a miƙa wa yara 'yan tsanar su maimaita da bakinsu. A nan ne uwa take jin abin mamaki, domin yaron da ba ya iya haɗa ido da baƙo sai ga shi a bayan zani yana zuba zance da muryar Kura, wani lokaci har da maganganun da aka yi a gidan da safe, waɗanda aka ɗauka bai ji ba.

Yaron da ya kai shekara 6 ko 7 yana iya sa hannu a ɗinkin kansa. A fara masa da babbar allura marar tsini da ulu a jikin guntun buhu, inda ramuka suke a bayyane, sannan a ba shi kitson ƙafafun Gizo da cusa auduga. A ƙirga allurai kafin a fara da bayan an gama, a soke su a ƙyalle ɗaya da aka ware, kada a soka a katifa ko a bakin zani da niyyar za a tuna, domin kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma a gidan da ake rarrafe ba a barin ta kwana a ƙasa. Ɗan maganaɗisu da aka ciro daga tsohuwar rediyo yana tsince wadda ta faɗi a tabarma.

Wajen wanki, a riƙe kan a sama a wanke rigar kaɗai a ruwan sabulu, fuska kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, saboda bututun kwali ba ya son ruwa. A shanya a inuwa don kada atamfar ta koɗe. A lokacin damina a tabbata sun bushe sarai kafin a ajiye, a sa su a kwalla mai murfi ko gwangwanin biskit, ba a leda ba, domin leda tana riƙe laima auduga ta yi wari. Bayan wata biyar ko shida ana wasa, wuyan zai yi laushi, kai ya fara langaɓewa. Ba sai an sake sabon kai ba: a warware zagayen wuya, a zare tsohon kwalin, a naɗa sabo a kan yatsan mai riƙewa, a sake aunawa tun daga farko, tunda yatsan yaro ya ƙara kauri a cikin waɗannan watanni, sannan a mayar a ɗinke kamar da.